Yadda Mai Ciwon Kumburin Hanji Zai Bibiyi Takardar Gwajin Jininsa

Akwai zawon da ba ya jin maganin atuni. Mutum ya sha Flagyl har bakinsa ya yi ɗaci, a yi masa gwajin taifot sau ba adadi, ya koma wajen mai maganin basir a bakin tasha, amma jini da majina ba su daina bin bayan gidansa ba. Ya lafa wata biyu, ya dawo wata uku, jiki yana ta zubewa. Wasu masu irin wannan fama, in Allah ya haɗa su da likitan da ya leƙa cikin hanjin, sai a tarar ciwon kumburin hanji ne, wanda garkuwar jikin mutum ce da kanta take far wa hanjinsa. Iri biyu ne. Akwai gyambon babban hanji, mai farawa daga dubura ya yi sama, shi ne ake rubutawa UC a fayil. Akwai kuma cutar Crohn, mai sunan likitan Amurka da ya bayyana ta tare da abokan aikinsa biyu a 1932. Ita tana iya kama ko'ina daga baki har dubura, amma ta fi zama a ƙarshen ƙaramin hanji.

Wannan bayani na wanda likita ya riga ya tabbatar masa da ciwon ne, ko mai jinyar irinsa a gida. Gwajin jini ba shi ke gano ciwon ba, sai an zura siririyar na'ura mai kyamara ta dubura, wato kolonoskofi, an gutsuro ɗan nama an duba. To amma bayan an gano, ciwon abokin zama ne na shekaru, ya kwanta ya tashi, kuma ba mai iya yin kolonoskofi duk wata uku. Ga kuɗi, ga wahalar shan maganin wanke ciki, ga zirga-zirga zuwa babban asibiti irin na Koyarwa na Tarayya da ke cikin Gombe. Abin da talaka zai iya maimaitawa shi ne ƙidayar ƙwayoyin jini, wadda likita ke rubutawa FBC. Yawancin mutane layi ɗaya suke dubawa, PCV, su ga ko jini ya sauka, su ninke takardar su cusa a aljihu. Alhali sauran layukan ne ke ɗauke da labarin hanjin.

Fara da ranar da kake lafiya

Wannan mataki shi ne kowa ke tsallakewa, don ba mu saba zuwa lab ba sai ciwo ya kayar da mu. Ka zaɓi lokacin da cikin ya lafa, bayan gida ya koma daidai, ba jini, ba zazzaɓi, ba mura, kuma ba ka shan furednisolon, maganin kwantar da kumburi, ka roƙi likita ya rubuta maka FBC. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan takardar ita ce ma'auninka, da ita za a riƙa gwada duk wadda za ta biyo baya.

Ga dalili. A gefen kowace lamba injin yana buga iyakar da ake ɗauka daidai ce: 4 zuwa 11 ga fararen ƙwayoyin jini gaba ɗaya, wato WBC, 2 zuwa 7 ko 7.5 ga nau'insu da ake kira niyutirofil. Yawancin waɗannan iyakoki daga jinin Turawa aka samo su. Mu kuwa mutanen Afirka ta Yamma, akasarinmu an haife mu babu wani sinadari mai suna Duffy a jikin jajayen ƙwayoyin jininmu. Rashinsa yana kare mu daga wani nau'in maleriya, kuma yana tafe da ƙarancin niyutirofil a jinin da ake ɗiba, ba tare da ya cutar da kowa ba. Shi ya sa ƙato mai ƙoshin lafiya a Pantami zai iya samun niyutirofil 1.6, injin ya buga masa L a gefe alamar ya yi ƙasa, alhali ras yake. Inda haɗarin yake shi ne ranar da ciwonsa ya tashi. Niyutirofil ɗinsa ya ninka uku ya kusa 5, injin ba zai ce uffan ba, don 5 tana cikin iyaka. Wanda ya ji an ce buhun masara kaza ne yau a Tudun Hatsi, in bai san farashin makon jiya ba, bai san ko kasuwa ta tashi ko ta faɗi ba.

Ranar ɗibar jini

Ka riƙe lab guda, in da hali, kuma ka riƙa zuwa da safe, don injina suna saɓawa kuma fararen ƙwayoyin jini suna ɗan hawa da yamma. Ba a bukatar ka zo da yunwa. Ka sha ruwa sosai, musamman a zafin Maris da Afrilu, domin wanda zawo ya tsotse jininsa yana yin kauri, PCV ta fito da kyau fiye da gaskiyarta, sai an ƙara masa ruwa a ga ta rufto.

A ƙaramar kwalba mai murfi launin shunayya ake zuba jinin, a juya ta a hankali don kada ya daskare. Kada ka yarda ta kwana kafin a saka a inji. Kuma tun kafin a soka allura ka yi tambaya guda: "Malam, injin naku kashi uku yake rarrabawa ko kashi biyar?" Mai kashi biyar zai ba ka nau'o'in fararen ƙwayoyin jini biyar, wato NEU (niyutirofil), LYM (limfosayit), MON (monosayit), EOS (iyosinofil) da BAS, kowanne da lambarsa. Mai kashi uku, wanda ya fi yawa a ƙananan lab, LYM da MID da GRAN kawai yake fitarwa. Shi ma zai yi aiki, don GRAN akasarinta niyutirofil ce, amma MID gauraye ce, ba a gina lissafi a kanta.

Da an miƙo maka sakamako, ɗauke shi hoto da waya nan take. Siririyar takardar nan mai santsi da injin ke tofowa, in ta sha zafin aljihu ko aka bar ta a gaban mota, kafin wata biyu rubutun ya dushe ta koma fara fat.

Karanta layukan ja

HGB ita ce himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jajayen ƙwayoyin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya tana kiran abin ƙarancin jini in ta gaza 13 ga namiji, 12 ga mace, 11 ga mai juna biyu. PCV takan kai kusan ninki uku na wannan lamba. Ƙarancin jini shi ne matsalar da ta fi bin masu wannan ciwo a wajen hanji, kuma ba hanya ɗaya yake shigowa ba. Jini yana zuba ta gyambon. Sannan kumburin da kansa yana sa hanta ta saki wani sinadari, hefsidin, wanda ke toshe hanyar da ƙarfen abinci yake bi ya shiga jini, ya kuma kulle wanda ke ajiye a jiki. Shi ya sa za ka ga mutum yana ta haɗiyar jan ƙwayar ƙarin jini wata da watanni, ana dafa masa zogale da hanta, bayan gidansa ya yi baƙi, HGB ba ta motsa ba. Irin wannan sau da yawa sai an kwantar da kumburin, ko a ba da ƙarfen ta jijiya.

Layi biyu ne za su nuna maka wace hanya ce. MCV girman jajayen ƙwayoyin ne, daidai ɗinta 80 zuwa 100. In ta yi ƙasa da 80, an fi zargin ƙarancin ƙarfe. In ta haura 100, a duba bitamin B12, wanda a ƙarshen ƙaramin hanji ake tsotsarsa, daidai inda Crohn ta fi ci, ko folik asid, wanda magungunan wannan ciwo irin su salfasalazin da metotireksat ke ragewa. Azatiyofirin, wani maganin ciwon, shi ma yana ɗaga MCV. RDW kuwa tana auna yadda ƙwayoyin suka bambanta da juna a girma. Sama da 14.5 ko 15 ta hau, kuma takan riga MCV motsawa in ƙarfe ya fara ƙarewa. In likita ya ƙara da gwajin feritin, mai auna ƙarfen da ke ajiye a jiki, ka san cewa kumburi yana kumbura lambarta: ƙasa da 30 ƙarancin ƙarfe ne ga wanda ciwonsa ke kwance, amma in ciwon yana tashe, ko ta kai 100 ba a cire zargi ba.

Filatilet

PLT su ne ƙananan ƙwayoyin da ke daskarar da jini, iyakarsu 150 zuwa 400 ko 450. A ganina wannan layin ya fi kowanne saurin tona asirin hanji, kuma shi aka fi rainawa. Kumburi yana zuga ɓargo ya yi ta ƙera su, sai su haura 450, wani lokaci 600 ko fiye, kuma matsakaicin girmansu, wato MPV, yakan yi ƙasa in ciwon yana tashe. Kada dai ka dogara da MPV sosai, don tana canzawa in kwalbar ta daɗe a ajiye. Ƙarancin ƙarfe shi kaɗai ma yana ɗaga PLT. Wasu lab suna rubuta 480,000 maimakon 480. Abu ɗaya ne, ka share sifili uku.

Lissafin da za ka yi da waya

Nan ne aikin yake, kuma bai fi ƙarfin mai kalkuleta a waya ba. In kumburi ya tashi, niyutirofil da filatilet suna hawa, limfosayit kuma suna sauka. Kowace lamba ita kaɗai tana iya zama cikin iyaka, amma in ka raba mai hawa da mai sauka, tazarar sai ta fito fili.

Mu ɗauki misali. A ce ranar lafiya takardarka ta nuna WBC 5.0, NEU kashi 40 cikin ɗari, LYM kashi 50, PLT 300. Bayan wata huɗu ciki ya fara murɗa, sabuwar takarda ta nuna WBC 9.0, NEU kashi 70, LYM kashi 20, MON kashi 7, PLT 480, HGB 10.2, MCV 74.

Da farko mayar da kashi cikin ɗari zuwa ainihin adadi, in injin bai buga ba. Galibi yana bugawa, da alamar # a gaban sunan. In babu, ka ninka WBC da kason ka raba da 100. A sabuwar takarda niyutirofil 9.0 sau 70 raba 100, ya ba da 6.3. Limfosayit 1.8. Monosayit 0.63. A tsohuwar kuwa niyutirofil 2.0, limfosayit 2.5.

Sai ka raba niyutirofil da limfosayit, abin da likitoci ke kira NLR. Ranar lafiya 2.0 raba 2.5, ya ba da 0.8. Yau 6.3 raba 1.8, ya ba da 3.5. Ya ninka fiye da sau huɗu, alhali WBC 9.0 da niyutirofil 6.3 duk injin bai yi musu alama ba. Wanda ya kalli takardar yau ita kaɗai zai ce maka fararen ƙwayoyinka lafiya lau.

Sannan ka raba filatilet da limfosayit, wato PLR. Ranar lafiya 300 raba 2.5, 120. Yau 480 raba 1.8, kusan 267. A nan mutane ke tafka kuskure: NLR tana fitowa daidai ko da kashi cikin ɗari ka raba, amma PLR dole sai da ainihin adadin limfosayit. In ka raba 480 da 20 za ka samu 24, lambar da ba ta da ma'ana.

Waɗannan biyun sun wadatar. Mai son ƙari, in injinsa mai kashi biyar ne, zai iya raba limfosayit da monosayit, LMR, wadda ita sauka take yi in kumburi ya tashi. A misalinmu 1.8 raba 0.63, kusan 2.9. Akwai kuma SII, wato a ninka PLT da NLR: ranar lafiya 240, yau 1,680.

Za ka ci karo a intanet da masu cewa NLR in ta wuce kaza ciwo ya tashi. Kada ka kama wata lamba ka riƙe. Ga lafiyayyun manya a ƙasashen da aka fi yin binciken takan zauna tsakanin 1 da 3, amma masana ba su yi ittifaƙi a kan iyaka guda ga wannan ciwo ba, kuma wanda ma'auninsa 0.8 ne, in ya kai 2.5 ya yi tafiya mai nisa ko da bai taɓa 3 ba.

Kafin ka ɗora wa hanji laifi

Jini bai san daga ina kumburi ya fito ba. Kafin ka ce ciwonka ne ya tashi, bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya.

Magani tukuna. Furednisolon yana ɗaga niyutirofil ya kuma sauke limfosayit cikin 'yan sa'o'i, sai NLR ta yi tsalle alhali hanjin sauƙi yake samu. Haka deksametason, wanda ake sayarwa a kemis da sunan sha-ka-fashe. Mai wannan ciwo da ya rame, 'yan uwa suna ta yi masa maganar ramar, yana iya faɗawa tarkonsa. In kana sha, faɗa wa likita, ba abin kunya ba ne, kuma kada ka yanke shi rana ɗaya. Azatiyofirin shi kuma sauke fararen ƙwayoyin yake yi, shi ya sa ake yawaita FBC a makonnin farko, daga baya a koma kamar duk wata uku. Mai shan sa in ya ji zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, ranar zai je a duba jini, ba gobe ba. Mai shan salfasalazin kuma in ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, HGB ta faɗi ba tare da ƙarin jini a bayan gida ba, a duba G6PD, domin ƙarancinsa ya yawaita a mazan Najeriya kuma maganin yana iya fasa musu jajayen ƙwayoyi.

Sai cututtukan gida. Maleriya tana sauke filatilet da limfosayit, don haka lissafin da aka yi a tsakiyar zazzaɓin damina ba abin dogaro ba ne, a bari sai an warke a sake. Taifot takan sauke WBC. Mai sikila fararen ƙwayoyinsa da filatilet ɗinsa a sama suke ko yana lafiya. Mai juna biyu niyutirofil ɗinta yana hawa, haka mai shan taba, ita taba kuwa ƙara rura Crohn take yi. Ruɓaɓɓen haƙori ko maruru ma sun isa su motsa lambar.

Dubi EOS in injin ya fitar. In iyosinofil ya haura 0.5, tuna tsutsar ciki, tuna kuma tsargiya, wadda akwai nau'inta mai kama hanji ta sa zawo da jini. Wanda ke shiga ruwa, masunci ko mai noman rani a gefen dam ɗin Dadin Kowa, ya faɗa wa likita haka da bakinsa. Duk sanda zawo da jini ya dawo a kai bayan gida lab, domin atunin amiba yana kwaikwayon tashin UC, kuma ba wa mai amiba furednisolon yana iya fasa hanji. Tarin fuka na hanji shi ma yana kama da Crohn ƙwarai, har a kyamara.

Littafin ciki

Sayi ƙaramin littafi mai layi. Kowane gwaji layi guda: kwanan wata, HGB, MCV, PLT, NLR, PLR, magungunan da kake sha da adadinsu, sau nawa kake fita a yini, ko kana tashi da dare, ko akwai jini, da nauyinka. Mace ta rubuta ko tana al'ada, wanda aka yi wa ƙarin jini ya rubuta ranar.

In aljihu ya yarda, a haɗa da CRP, gwajin jini mai nuna kumburi. Hanta ce ke yin ta, tana hawa cikin sa'o'i kaɗan ta sauka cikin 'yan kwanaki, kuma yawancin lab suna ɗaukar ƙasa da 5 mg/L daidai ne. Lura ko mg/dL aka rubuta, don tsakaninsu ninki goma ne. Ta fi nuna Crohn a kan UC, kuma akwai mutanen da hanjinsu ke ci da wuta CRP ɗinsu ba ta motsa ba. ESR, wani gwajin jini na kumburi, mai arha ce amma mai jinkiri, makonni take ɗauka kafin ta sauka, ƙarancin jini yana ɗaga ta, sikila tana danne ta. Wanda ya fi su duka kusanci da hanjin shi ne kalfurotektin, furotin da niyutirofil ke zubarwa a bayan gida: ƙasa da 50 alama ce mai kyau, sama da 250 yana nuna kumburi na aiki. Ba kowane lab ke yin sa ba. In lambobi da yadda kake ji suka saɓa, likita zai koma ga kyamara, don gani ya kori ji.

Ranar ganin likita kada ka zube masa tulin takardu. Buɗe littafin ka ce, "Likita, ga yadda nake a watan Janairu, ga yadda nake yau. Filatilet daga 300 zuwa 480, NLR daga 0.8 zuwa 3.5, ina fita sau biyar, an duba maleriya babu." Cikin minti ɗaya ka ba shi abin da zai yi aiki da shi, ga layi a waje yana jira. Shi ne mai ƙara magani ko ragewa. Lambobi sun yi kyau ba izinin ajiye magani ba ne.

Ranar da ba a tsayawa lissafi

Tun 1955 wasu likitoci biyu a Ingila, Truelove da Witts, suka tsara ma'aunin gane UC mai tsanani, kuma har yau da shi ake aiki: fita da jini sau 6 ko fiye a yini, tare da ɗaya daga cikin zazzaɓi sama da 37.8, bugun zuciya sama da 90 a minti, HGB ƙasa da 10.5, ko ESR sama da 30. Wanda ya kai nan gado yake bukata a asibiti. Haka wanda cikinsa ya kumbura ya yi tauri, ko amai ya ƙi tsayawa, ko jiri yake ɗibarsa in ya miƙe. Ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya sarƙe farat ɗaya, shi ma gaggawa ne, don jinin mai wannan ciwo yana saurin yin gudaji a jijiya in kumburin yana tashe.

A irin wannan hali kada a sha loferamayid don tsayar da zawo, yana iya sa babban hanji ya buɗe ya daina motsi. Kada a sha dikulofenak ko aibufurofen, farasitamol ya fi aminci. A haɗa ruwan gishiri da sukari a riƙa kurɓa a hanya. In daga Dukku ko Nafada ko Kaltungo za a taso, a kama hanya da sauran rana, a ɗauko littafin da kwalayen magungunan gaba ɗaya, har da na gargajiya da na kemis.